Sharhi: Kafin a sayar da gona don aikin fiɗar ƙwaƙwalwa, me likita zai iya hangowa?

 Ranar 29 ga Oktoba ta kowace shekara duniya ke tunawa da cutar shanyewar ɓarin jiki. Mu nan ba sai an tuna mana ba. Da wuya ka shiga gari ba ka tarar da dattijon da ke jan ƙafa ba, ko uwar da hannunta ya saki bakinta ya karkace. Abin da ya sa muka ɗauko maganar yau shi ne wata tambaya da ke ƙara yawa tsakanin iyalai, musamman masu ɗa a ƙetare: an ce akwai aikin fiɗa da ake yi a Indiya, Tunusiya, Masar ko Turkiyya, a yi wa jini sabuwar hanya zuwa ƙwaƙwalwa idan jijiya ta toshe. To, in an haɗa kuɗi an kai tsoho, zai tashi?

Tambaya ce mai nauyi, don bayanta akwai gona, akwai garka, akwai kuɗin albasar shekara guda, akwai gumin ɗan cirani. Shi ya sa ya kamata mu san abin da likitoci suka gano game da wanga aiki, da yadda suke auna wanda zai amfana da wanda aikin zai ƙara wa ciwo.

Me ke faruwa a cikin kai

Ƙwaƙwalwa ba ta fi kashi 2 cikin 100 na nauyin mutum ba, amma tana cin wajen kashi 20 cikin 100 na iskar da jini ke rarrabawa a jiki. Ba ta da rumbu, ba ta ajiya. Da jini ya tsaya, cikin ƴan mintoci naman wurin ya fara mutuwa. Manyan jijiyoyi huɗu ne ke kai mata jini, biyu ta gaban wuya, biyu ta baya, kuma suna haɗuwa a gindin ƙwaƙwalwa su yi kamar zobe, ta yadda in ɗaya ta gaza sauran za su iya taimaka mata.

Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. Ko dai jijiya ta toshe, ko kuma ta fashe jini ya malale cikin kai. Daga waje alamunsu duk ɗaya ne, sai hoton sikana ke rarrabe su. Wani babban bincike mai suna SIREN, da aka gudanar a asibitoci 15 na Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, aka wallafa a 2018, ya duba masu cutar 2.118. Kashi 68 cikin 100 toshewa ce, kashi 32 fashewa. Wato kusan mutum ɗaya cikin uku jijiyarsa fashewa ta yi, kuma wannan ya fi abin da ake gani a Turai nesa ba kusa ba. Aikin da muke magana a kai na masu toshewa ne, su ma ba duka ba.

Yadda ake aikin

Duk mai garka a kwarin Tarka ya san abin yi in hanyar ruwa ta cushe: sai ya fasa wata daga gefe ya haɗa da fangalin da ke jin ƙishi. Haka direba ke bin debiyasiyo in ruwan kori ya cinye hanya. Wannan ita ce dabarar. Ka ɗora yatsa gaban kunnenka, za ka ji wata jijiya na bugawa. Ita ke ciyar da fatar kai. Likita zai ɓanɓaro ta, ya buɗe ƙaramar taga a ƙashin kai, ya ɗinke bakinta da wata jijiya da ke kwance bisa ƙwaƙwalwa. Kaurin jijiyoyin bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba, zaren kuma ya fi gashi siranta, sai da madubin ƙara girma ake ganinsa.

Wani likita ɗan asalin Turkiyya, Gazi Yasargil, shi ya fara yin wannan aiki ga ɗan Adam a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan a 1967. Dabarar ta shiga hankalin kowa, aka yi ta yi wa dubban mutane a Turai, Amurka da Japan. Sai daga baya aka ce bari a gwada a gani, shin da gaske tana hana ciwon dawowa?

Abin da gwaji ya nuna

Gwaji na farko ya fito a 1985, ƙarƙashin jagorancin Dakta Henry Barnett na Kanada. Mutum 1.377 aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu aka yi masu aiki tare da magani, wasu magani kaɗai. An bi su kusan shekara biyar. Sabuwar hanyar ta buɗe lafiya lau ga kashi 96 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin, amma ciwon bai ragu ba. Hasali ma, masu aikin sun fi saurin samun sabuwar shanyewa.

Likitoci suka ce wataƙila ba a zaɓi mutanen da kyau ba. Sai aka sake gwaji a Amurka da Kanada, aka fitar da sakamako a 2011. Wannan karon mutum 195 aka ɗauka, dukansu jijiyar wuyansu ta toshe gaba ɗaya, kuma wata na'ura mai tsada da ake kira PET ta tabbatar ƙwaƙwalwarsu na cikin yunwar jini. Bayan shekara biyu, kashi 21 cikin 100 na masu aiki sun sake shanyewa, masu magani kaɗai kuma kusan kashi 23. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Abin tsoron yana cikin kwana 30 na farko: sama da kashi 14 cikin 100 na masu aiki sun shanye a wannan tsakanin, alhali a ɗaya gidan kashi 2 ne kacal. Aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa.

Na uku daga Sin ya fito a 2023, da mutum 324. Hannun likitoci ya ƙara gogewa, haɗarin watan farko ya sauko zuwa wajen kashi 6 cikin 100. Bayan an wuce wannan watan, masu aiki sun fi samun sauƙi sosai: kashi 2 suka sake shanyewa, a ɗaya gidan kuwa kashi 10. Amma da aka haɗa lissafin duka, kusan kashi 9 ne a gidan masu aiki, kashi 12 a gidan masu magani, kuma masu binciken da kansu suka ce wannan bambanci bai isa hujja ba.

Darasin da ke ciki shi ne, aikin yana karɓar kuɗinsa tun a gaba. Mutum zai ɗauki haɗari babba a watan farko don ya sayi kariyar shekarun da ke tafe. In haɗarin farko ya yi yawa, ribar baya ba ta biyansa. Kuma akwai abin da ya kamata kowa ya riƙe: aikin ba ya tayar da naman da ya riga ya mutu. Wanda hannunsa ya saki wata shida da suka wuce, sabuwar jijiya ba za ta mayar masa da shi ba. Manufar aikin ita ce hana bugu na gaba.

Da me ake hasashe

Kafin likitan kirki ya taɓa kan mutum, akwai abubuwan da yake aunawa. Na farko, musabbabin toshewar. In kitse da tsufa ne suka cushe jijiya, kamar yadda yake ga galibin dattijai masu hawan jini da ciwon suga, gwaje-gwajen nan uku sun nuna magani na kamo aiki. Na biyu, ko jiki ya riga ya yi wa kansa debiyasiyo. Mutane da yawa jijiyar wuyansu ɗaya a toshe take, amma zoben nan na gindin ƙwaƙwalwa da ƙananan jijiyoyi sun rufa masu asiri. Ana gane haka da hoton jijiyoyi, wanda ake ɗauka bayan an ɗura wani ruwa mai fito da su. Na uku, sauran ƙarfin da ya rage wa jijiyoyin. Akan ba mutum maganin Diamox, wanda ke sa jijiyoyin kai su buɗe, sai a sake hoto. In jini ya ƙaru, da sauran dama. In bai ƙaru ba, jijiyoyin sun kai iyakarsu, kuma irin wannan mutum ne aka fi tunanin aikin zai taimaka wa. Na huɗu, girman wurin da ya riga ya mutu, da shekarun mutum, da lafiyar zuciyarsa da ƙodarsa. Na biyar, hannun mai aikin da ƙwarewar masu kula da majinyaci bayan an fito, don a kwanakin farko jini na iya yi wa wurin yawa har ya kawo farfaɗiya ko zubar jini, ko kuma ya yi kaɗan in tansiyo ta faɗi.

Yanzu masu bincike na zuba irin waɗannan bayanai cikin kwamfuta don ta koyi hasashe. Abu ne mai amfani, amma a lura da abu biyu. Kwamfuta daga mutanen da aka nuna mata take koyo, kuma galibin bayanan daga asibitocin Sin, Japan, Koriya, Turai da Amurka suke. Sannan abin da take bayarwa lissafin taro ne. In an ce kashi 6 cikin 100, ana nufin cikin mutum ɗari irin baba, shida za su gamu da matsala. Ba wanda zai iya nuna maka su wane ne shidan. Duk wanda ya ce maka ya ba ka tabbaci ɗari bisa ɗari, ciniki yake yi da kai.

Inda aikin ke da amfani, da yadda ya shafi yaranmu

Akwai wata cuta da ake kira moyamoya. Kalmar Japananci ce, ma'anarta hayaƙi mai tashi, likitocin Japan suka raɗa mata a 1969 saboda yadda take fitowa a hoto: manyan jijiyoyin gindin ƙwaƙwalwa na tsukewa sannu a hankali, sai wasu ƙanana masu rauni su tsiro kamar hayaƙi. A nan kam aikin kewaye na da gurbi. Wani gwaji na Japan da ya fito a 2014, kan manya 80 da cutar ta sa wa zubar jini a kai, ya nuna aikin ya rage maimaituwar zubar daga kusan kashi 8 cikin 100 a shekara zuwa ƙasa da kashi 3.

Kada a ce wannan maganar Japan ce. Irin wannan tsukewa na samun yara masu emasi, wato amosanin jini, wadda ƴan uwanmu na Najeriya ke kira sikila. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna kusan yaro ɗaya cikin goma mai SS na shanyewa kafin ya kai shekara 20 in ba a ɗauki mataki ba. A nan ne hasashe ya fi yin aiki, kuma da arha. Akwai na'urar dofila da ake ɗorawa a gefen kan yaro, ba allura ba yanka, ta auna gudun jini. Kamar tiyo ne, in ka matse bakinsa ruwa ya ƙara gudu. In gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron na cikin haɗari. Gwajin da aka wallafa a Amurka a 1998 ya nuna ƙarin jini a kai a kai ga irin waɗannan yara na rage shanyewar farko da sama da kashi 90 cikin 100.

Ƙarin jini kowane wata kuwa abu ne mai wuya a ƙasashenmu. Shi ya sa abin da aka yi a Kano ya shafe mu kai tsaye. Likitocin asibitin koyarwa na Aminu Kano da asibitin Murtala Muhammad, da asibitin koyarwa na Barau Dikko a Kaduna, tare da jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun bi yara 220 masu shekara 5 zuwa 12 da dofila ta nuna suna cikin haɗari. Suka ba su ƙwayar haidiroksiyuriya, wadda a famasi aka fi sani da Hydrea. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna ko ƙaramin awo na maganin na tsare yaran, ƴan kaɗan ne suka shanye. Yaran Hausawa ne kamar namu, abincinsu irin namu, zazzaɓin cizon sauron da ke damunsu shi ke damun namu. Muna da cibiyar ƙasa ta masu emasi a Yamai, amma yaron Buza ko na Ibohaman sai ya yi tafiyar yini kafin ya gan ta.

Hanyarmu ta gaske

Mu dawo gida. In mutum ya faɗi a ƙauye, daga CSI za a tura shi asibitin gunduma, daga nan sai babban asibitin jiha a Tawa, ko Maradi, ko Yamai, inda asibitin ƙasa da babban asibitin da aka buɗe a 2016 suke. Wasu kan bi ta Galmi, wasu su tsallaka ta Ƙonni zuwa asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, mai sashen fiɗar ƙwaƙwalwa. Daga Madawa zuwa Yamai wajen kilomita 500 ne. Allurar da ke narkar da gudan jini kuwa cikin awa huɗu da rabi na farko take aiki, kuma sai an yi sikana tukuna. Ku lissafa da kanku: neman mota, kuɗin mai, hanyar Buza ko ta Keita da damina.

Tun ranar 1 ga Satumba 2024 gwamnati ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocinta. Mataki ne da talaka ya ji a aljihunsa. Sai dai ragin bai taƙaita hanya ba, kuma bai shafi yinin da akan ɓata a gida ba. Mun san yadda abin ke faruwa. Wani ya ce iska ce, wani ya ce jifa ne, a kira wanzami, a yi turare, sai kwana biyu sun wuce a nemi mota. Ba mu hana kowa addu'a ba, ita ce makamin mumini, amma ana iya yin ta a cikin mota.

Alamun uku ne, ku koya wa yara ma: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki a gefe ɗaya, magana ta sarƙe. In kun gani, ku duba agogo ku riƙe lokacin, ku kwantar da shi ta gefe, ku nufi likita. Kar a ɗura masa ruwa, fura ko rubutu, don maƙogwaro ma na shanyewa, abin sai ya bi ta huhu. Kar a ba shi asfirin kafin hoto, don in fashewa ce zai ƙara zubar. In kuma alamun suka zo suka wuce cikin ƴan mintoci, kar a ce an warke. Gargaɗi ne, kuma kwanakin da ke biye su suka fi haɗari.

Ga ku ƴan uwa na ƙetare

In an turo maku takardar asibitin waje da lissafin kuɗi, ku yi waɗannan tambayoyi kafin ku aika ko dala. Me ya toshe jijiyar, kitse ne ko moyamoya? Toshewa ce gaba ɗaya ko tsukewa? Wannan na da muhimmanci, don in jijiyar wuya tsukewa ta yi sosai ba ta rufe ba, akwai wani aikin daban na kankare ta, wanda gwaji ya tabbatar da amfaninsa tun 1991. An auna sauran ƙarfin jijiyoyin, ko hoto ɗaya kawai aka gani ta WhatsApp? An gwada magani yadda ya kamata ciwon ya ci gaba da dawowa? Mutum nawa wannan likita ke yi wa aikin a shekara, kuma nawa ne suka shanye ko suka rasu a watan farko? Wa zai bi majinyacin in ya dawo gida? Sannan ku kai hotunan wurin likitan ƙwaƙwalwa a Yamai, Damagaram ko Sakkwato, wanda ba shi da ko sisi a cikin tafiyar, ku ji ta bakinsa. Likitan da ya san aikinsa ba ya fushi da tambaya.

Inda kuɗin ya fi aiki

Binciken SIREN ya ɗora kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar da ya gani a kan hawan jini. Ya kuma lissafa ciwon suga, kitsen jini, ƙara gishiri a abinci, taba da rashin cin ganye. Hawan jini ba ya sallama, mutum na iya yawo da 18 bisa 11 yana jin garau. Daga 14 bisa 9 zuwa sama, in an auna an sake aunawa, magana ta zama ta likita. Kuma maganin na kullum ne. Babbar matsalarmu ita ce a sha na wata guda, a ji sauƙi, a ajiye. Hukumar lafiya ta duniya ta ce gishirin yini kar ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Zogale, rama da yakuwa kuwa a bayan ɗaki suke.

Don haka ɗan cirani da ke son iyayensa da rai, ga abin da ya fi tikitin jirgi: na'urar awon tansiyo, wadda ba ta kai kuɗin wayar da ke hannunka ba, da kuɗin magani da ba ya yankewa, da wani yaro a gida da aka ɗora wa alhakin rubuta awon kowane mako. Ƙungiyoyin ƴan gari da ke ƙetare, waɗanda suka saba haɗa kuɗin masallaci da rijiya, za su iya ɗaukar nauyin man motar ɗaukar marasa lafiya ta CSI ɗinsu. Wanda kuma ya riga ya shanye, abin da ke dawo masa da hannu da ƙafa shi ne motsa gaɓoɓi kullum tun makonnin farko, da juya shi a shimfiɗa don kar baya ya yi gyambo, da shan magani don kar a sake.

Ga magabata kuma, daga magadan gari har ofishin lafiya na jiha, buƙatunmu ba su fi ƙarfin ƙasa ba. A auna tansiyon duk babban da ya taka CSI ko da ciwon ido ya zo. Maganin hawan jini ya zauna a famasin CSI kamar yadda na zazzaɓi ke zama. A kawo dofila Tawa, a horar da masu aiki da ita, a riƙa zagayawa da ita Madawa, Buza da Keita don yaran emasi, tun da Kano ta nuna ana iyawa. A ƙarfafa gwajin jini kafin aure, don AS da AS in sun haɗu, kowane ciki na da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haifar SS.

Likitocin duniya sun shafe sama da shekara 50 suna neman hanyar gane wanda aikin kewaye zai amfana, kuma har yau mutane ƙalilan ne suka tabbatar yana yi wa rana. Hasashen da ya fi tabbata yana nan kusa da mu, a hannun majiya da ke ɗaura wa mutum awo a damtse ranar kasuwa. Ranar kasuwa mai zuwa, a biya ta CSI a auna, a tafi da tsohuwa da tsoho su ma a auna su. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare masu ita.